Sikelin Obadiya da Buhunan Albasata

Abin da na rasa: buhu uku na albasa da sunka ruɓe a ƙofar magaza (ɗakin ajiyar ƙungiyarmu), kwana huɗu na rayuwata, da gaisuwar maƙwabciyata Lai'atu har tsawon wata guda. Abin da na samu: na sayar da sauran buhu talatin da bakwai ba hula, kuma ba wanda ya sake tsayawa gabana ya ce ciniki ya mutu a Madawa.

Ni ce Hamsatu, matar marigayi Alƙasim, haifaffiyar Deule. Mijina ya bar mini garka mai rijiya biyu a fadama, shekara tara ina noma albasa a cikinta, ba ɗan'uwan miji da ya taɓa ja mini guga. Karatuna bai wuce rani biyu na yaƙi da jahilci ba, amma lamba na san ta, nauyin buhu kuwa kafaɗata ta san shi.

Wanda bai san cinikin albasa ba, ga yadda yake. Dillali ke kawo buhunsa, irin wanda ɗan maraƙi zai shiga ya juya. A cika shi taf, sannan a tula wata albasar bisa baki, a rufe da yankin buhu a ɗinke. Tulin nan shi ake kira hula. Kuɗin buhu guda ake biya, hula kyauta. Kowace shekara a kan hular nan muke kacamewa ni da Bala, dillalin masu kai albasa Abijan, tsohon ɗan kokowa da ƙarfinsa ya sauko ya taru a tumbi.

Shekara biyu bayan an karya darajar kuɗin sefa, wani porje, shirin taimako na Turawa, ya ba ƙungiyarmu ta manoman albasa sikeli mai aiki da kuran, wato lantarki, faffaɗa kamar ƙyauren ɗaki, da kuma odinatar, wato kwamfuta, don buro, ofishinmu ke nan. Wajen saukewa daga kamiyo, babbar motar kaya, anka fasa ɗan gilashin da ke nuna nauyi. Turawan sunka ɗauki hoto sunka tahi. Kayan sunka yi wata takwas a magaza, 'yan dako na shanya riguna a kai.

Sai ga Obadiya, ɗan Lai'atu. Ya ba shekara talatin baya, ni na goya shi yana jinjiri, shi ya sa yake ce mini Inna. Ya yi wata shida yana jera kwalayen magani a asibitin mishan, bayan kujerar wani Bature mai odinatar. Ya dawo da littafi mai kaurin bulo, da disket bakwai a aljihun gaba, da tabarau marar magani.

Ranar taron ƙungiya ya hau benci.

"Iyayena, wahala ta ƙare! Sikeli na da waya a baya, odinatar na da rami a baya. Ni zan haɗa su. Na rubuta porgaram da hannuna. Ka ɗora buhu, in danna maɓalli guda, nauyi ya fito bisa gilashi da manyan lambobi. Ba hula, ba rantsuwa, ba ja-ni-in-ja-ka. Daga gobe ciniki ya mutu!"

Na ce, "Allah ya jiƙan shi. Mi ya kashe shi?"

"Ilimi, Inna."

"Kwana nawa za ka yi?"

"Kwana? Kafin shayin Malam Jima ya huce."

Malam Jima shugabanmu ne, dattijon da in an yi masa magana da Faransanci sai ya yarda don kar a ce bai gane ba. Nan take ya kafa doka: ba ɗan ƙungiya da zai sayar da albasa sai ta bisa sikeli. Kuma da yake buhunana sun fi na kowa yawa, anka ce da su za a buɗe. A lokacin Bala ya taya mini jika biyar, wato sefa dubu biyar, buhu da hula, ni na ce tara ba hula. Kamiyonsa zai tashi ranar kasuwa, saura kwana huɗu, in ya tashi kuwa sai bayan sati uku, ga zafin bazara. Na fitar da albasata daga rudu, inda take kwance a inuwa tana shan iska, anka jibge buhu arba'in a ƙofar magaza cikin rana.

Ranar farko wayar ta ƙi shiga. Kan wayar sikeli haƙora ashirin da biyar gare shi, ramin odinatar na tara ne. Obadiya ya juya shi sama, ya juya ƙasa, ya hura masa iska.

Bala na zaune bisa buhuna yana sakace. Ya ce, "Injiniya, ka fige sauran haƙoran mana. Kakata da haƙori tara ta ci nama har ta mutu."

"Wanga por seri ne, Bala, ba bakin kakarka ba."

Ya karɓi almakashin tela ya datse kan wayar, ya tahi wajen mai gyaran rediyo anka liƙa masa wani mai tara da dalma. Ya dawo ya soka, ba abin da ya fito. Ya buɗe littafi ya ƙirga haƙora, ashe daga hagu ya fara maimakon dama. Ya koma. Ya dawo. Sau uku yana wannan zirga-zirga, kowace tafiya wayar na raguwa da taƙi guda, har sai da anka jawo sikeli ya manne da ƙafar tebur.

Sannan wata sabuwa ta ɓullo. Ramin nan mai tara guda ɗaya ne tak, kuma a cikinsa wutsiyar ɓera take. Ɓera shi ne ɗan abin da ake turawa bisa tebur, wata 'yar kibiya tana bin sa a gilashi. Da kibiyar ake danna maɓallin awo. Obadiya ya yi sati biyu yana zana maɓallin nan, ya yi masa launin ganye, ya sa hoton albasa har da saiwa, amma bai yi masa hanyar da za a danna shi da allon haruffa ba. In ɓera na ciki, sikeli na waje. In sikeli na ciki, ba mai danna maɓalli.

Malam Jima ya ce, "To yanzu fa?"

"Ƙaramin abu. Sauri kawai ake so."

Ya soka ɓera, ya danna albasa, ya zabura ya zagaya bayan tebur, ya zare ɓera, ya soka sikeli, ya zagayo a guje. Kibiya ta ɓace, wani ɗan hoto mai siffar kalangu ya fito ya tsaya a tsakiyar gilashi.

Na ce, "Wannan fa?"

"Tana tunani, Inna."

Munka jira. Mai shayi ya kawo zagaye na biyu. Kalangu na nan. Anka yi la'asar anka dawo, kalangu na nan.

Bala ya ce, "Kalangu ya zo, makaɗi ya ƙi zuwa. Hamsatu, jika biyar."

"Tara. Tashi daga kan buhuna, kana matse mini albasa."

Kashegari Obadiya ya zo da sabuwar dabara. Ya ce jiya gudunsa ne ya ruɗa na'urar, yau zai soka sikeli tun kafin ya kunna ta, ta farka ta iske shi. Haka ko anka yi. Ya kunna, kibiya ta fito ta zauna lafiya. 'Yan dako biyu sunka ɗora buhuna.

Kibiya ta zabura kamar an taka mata wutsiya. Ta haura sama, ta faɗo ƙasa, ta buɗe taga, ta buɗe wata cikin wata, ta ja hoton albasa ta kai shi lungu. Ba hannun kowa a tebur. Mata biyu masu tallan fura sunka ajiye ƙwarya sunka ruga. Sai ga gilashi ya koma kore, karta ta jeru reras.

Malam Jima ya miƙe. "Subhanallahi! Caca? A magazar ƙungiya? Obadiya, da kuran ɗinmu take caca?"

"A'a, Malam, ba ita ba ce..."

"To wa ya raba kartar? Ni?"

Obadiya ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Can ya tafa hannu.

"Na gane! Ta ɗauka sikeli ɓera ne! Ramin ɓera ne ai, duk abin da sikeli ya faɗa sai ta ɗauka umarnin ɓera ne. Kun gani? Cikin minti biyar na gano. Bature sai ya yi sati."

Na ce, "Madalla. Sai ka gaya mata ba ɓera ba ne."

"Don mi? Ai sauƙi ya samu. Tun da nauyi ke tura kibiya, da nauyi za mu kai ta bisa maɓalli."

Wallahi haka anka yi. Anka kwance bakin buhuna. Obadiya ya kafa ido a gilashi yana ba da oda kamar kwamandan jandarma.

"Ƙara albasa biyu! Ta yi dama! Rage ɗaya! A'a, ba babbar ba! Mayar! Wa ya jingina? Kai, ɗaga ƙafarka!"

'Yan kasuwa sunka cika ƙofa, kowa da shawararsa. Masu cewa a sa dutse, masu cewa a sa takalmi. Albasata na yawo hannu-hannu, na ga guda uku sun shige aljihu ba su fito ba. Kibiya ta matso, ta matso, saura ɗan yatsa ta hau hoton albasa. Kowa ya riƙe numfashi. Sai mai shayi ya yi atishawa ya dafa buhu. Kibiya ta yi tsalle can ƙuryar sama ta danna wani abu, porgaram ɗin ya rufe kansa, gilashi ya yi baƙi.

Bala ya ce, "Ta ci kuɗin caca ta gudu. Hamsatu, jika huɗu da rabi. Na ji wari daga ƙasan tulin can."

"Warin bakinka ne ya dawo maka. Tara."

Amma ni ma na ji warin.

Da yamma na leƙa katangar Lai'atu tana tankaɗe. Na ce, "Ƙawata, ɗanki zai ruɓar mini da noman shekara."

Ta ce, "Hamsatu, ki yi haƙuri. Yaron nan tun yana ƙarami in ya kwance rediyo sai ya ɗaura."

"Na tuna. Rediyon Alƙasim ne. Ya ɗaura, sauran kusoshi shida a hannunsa, kuma daga ranan sai an mare shi yake magana."

Ta ce za ta sa shi cikin addu'ar safe. Na ce ta sa albasata ma.

Rana ta uku na zo da tsintsiya, don ƙurar bayan teburin nan ta dame ni. Ina sharewa na ga gidan zanzaro manne a bayan odinatar, ƙato kamar dunƙulen hannu. Na sa gindin tsintsiya na ɓamɓare. Ƙasa ta zube, sai ga wani rami, dogo, mai layi biyu. Na ƙirga da farce. Ashirin da biyar.

"Ɗan Lai'atu, zo ka gani."

Ya duƙa. Ya daɗe a duƙe.

Na ce, "Ba irin kan da ka datse shekaranjiya ba ne?"

Ya miƙe yana kakkaɓe gwiwa. "Kom biyu ke nan. Na san da shi. Ajiye shi na yi don ranar buƙata."

"Kai ka ba zanzaro haya?"

Anka bazama neman tsohon kan wayar. A wuyan ɗiyar tela anka same shi, ta zura masa zare ta yi sarƙa. Sai da anka ba ta alewa biyu ta saki. Mai gyaran rediyo ya sake liƙawa, ya ce in an ƙara yanka sau ɗaya sai dai a ɗora odinatar bisa sikeli su zauna tare.

Yanzu ɓera na raminsa, sikeli na nasa. Anka ɗora buhu, Obadiya ya danna albasa. Abu ya fito! Amma ba lamba ba. Wasu 'yan fuskoki masu murmushi, da zuciya, da ƙugiya, da gicciye, da ɗigo-ɗigo, layi guda cur.

Malam Jima ya sa hannu a goshi ya duba. "Wannan ba ajami ba ne."

Wani Buzu mai sayar da gishiri ya kutso, ya ɗan sassauta rawani. Ya ce, "Ya yi kama da rubutunmu. Wanga harafi namu ne, wanga ma. Amma wanda ya rubuta ba shi da lafiya."

"Mi ya ce?" in ji Bala.

"Bai ce komi ba. Kuka yake."

Obadiya ya buɗe littafi, ya lashi yatsa, ya yi ta juyawa har gumi na ɗiga a takarda. "Sauri ne bai daidaita ba. Sikeli na magana da gudu, odinatar na saurare a hankali. Sai na gaya mata gudun da za ta ji da shi."

Na ce, "Nawa ne gudun?"

"Yana rubuce a takardar sikeli."

"Ina takardar?"

Mai tsire na ƙofar magaza ya juya baya ya shiga fifita wuta da ƙarfi. Tun watan azumi ya naɗe nama da ita.

Sai Obadiya ya shiga gwadawa ɗaya-ɗaya. Dubu da ɗari biyu, fuskoki. Dubu biyu da ɗari huɗu, zukata. Kowane gwaji sai an sauke buhu an mayar, 'yan dako har sun daina zagi sun koma dariya. Da ya kai dubu tara da ɗari shida sai ga lamba, manya, baƙaƙe: ɗari da goma sha takwas. Na ɗaga kusurwar buhun. Daidai ne.

Obadiya ya hau benci. "Wa ya ce ba zan iya ba? A gaya wa mutanen Keita, a gaya wa na Buza! Bayan wanga zan haɗa agogon tasha, in haɗa rijiyoyin fadama, guga ya riƙa hawa da maɓalli!"

Na ce, "Sauko ka auna sauran."

"Gobe, Inna. A gaban jama'a. Irin wanga abu ba a yin shi a ɓoye."

A yammacin nan na zare buhu uku daga ƙasan tuli, ruwa na bin gindinsu. Ko awaki sun ƙi su.

Ranar kasuwa anka fito da tebur da sikeli rumfar ƙofa. Obadiya ya sa kwat cikin zafin nan. Kamiyon Bala na tsaye, an loda na wasu garuruwa, nawa ake jira. Anka daidaita kilo a dala goma sha biyar, jika kuwa dala ɗari biyu ce. Malam Jima na cikin jawabi, akuyar mai shayi ta hau sikeli ta tsaya tana tuƙa, anka kore ta, ba wanda ya kula.

Anka ɗora buhuna na fari. Obadiya ya ɗaga yatsa sama kowa ya gani, ya danna.

Ashirin da uku.

Na ce, "Ashirin da uku na mi?"

"Kilo, Inna."

"Ƙarti biyu sunka ɗauko shi suna nishi!"

Ya dubi gilashi, ya dubi buhu. "Rana ce ta shanye ruwan. Albasa ai kusan duk ruwa ce. Ilimi ya tabbatar."

Bala ya taso da sauri irin wanda ban ga ya yi ba tun yana kokowa. Ya ɗaga hannu. "Jama'a ku shaida! Malam Jima ka shaida! Ni Bala na rantse, duk abin da na'urar nan ta faɗa a kan albasar Hamsatu yau, shi zan biya, ba ragi ba ƙari. Na'ura ba ta ƙarya!"

"Ba ta ƙarya," in ji Obadiya.

Anka ɗora na biyu, ɗari da ashirin. Na uku, ɗari da sha bakwai. Jama'a sunka yi ta tafi. Na huɗu shi ne wanda anka kwance ranar tura kibiya, da kyar ya wuce rabi. Gilashi ya ce ɗari da sha tara. Bala ya ɓata fuska. Na biyar cikakke, har yana neman fashewa. Gilashi ya ce sittin da takwas. Bala ya saki fuska.

Nan na tuna injin niƙa. Duk macen da ta taɓa kai hatsi ta sani: in kika zuba geronki, garin da ke fara fitowa na wadda ta riga ki ne. In dawa ta niƙa, jan gari za ki fara tara.

Na matsa kusa da Obadiya, na yi ƙasa da murya saboda uwarsa tana tsaye can da zanen zuwa majami'a. "Ɗana, abin nan naka saura yake riƙewa a ciki. Na baya yake ba na gaba. Ashirin da ukun nan akuya ce. Ka zubar da abin da ke cikinsa kafin ka auna sabo, kamar yadda mai inji ke kakkaɓewa."

Ya yi dariya, ya juya ga jama'a. "Kun ji Inna! Wai odinatar injin niƙa ce! Inna, wanga aikin ƙwaƙwalwa ne. Ki bar wa masu karatu, ke ki ji da tuwo."

Wasu sunka yi dariya. Na dube shi. Yaron da ya yi mini fitsari a baya sau ba adadi.

Na gyara ɗaurin zane. Na ce, "To, mai karatu. Na'urarka ta san bambancin mutum da albasa?"

"Sarai."

"Bala, da kai ne zakaran kokowa na ƙasar Adar. Yanzu ko buhun nan ba ka iya ɗagawa, sai dai tuwo."

"Ni?"

"Kai. Tumbi ya cinye ƙashi."

Samari sunka yi ihu. Bala ya tuɓe babbar riga ya miƙa wa na kusa, ya tofa yawu a tafi, ya rungumi buhu, ya ɗaga shi kafaɗa jijiyoyin wuya kamar igiyar guga. Na ce, "Tsayuwa a ƙasa kowa na yi. Hau sikeli mu gani." Ya hau. Ƙarfen ya yi ƙara.

Obadiya ya danna. Ɗari da ashirin da ɗaya, nauyin cikakken buhun da ya wuce.

Wani ya ce, "Ashe Bala iska ne! Ko kilo uku bai kai ba!"

Obadiya ya buga ƙirji. "Kun gani? Ta gane mutum ne, ta cire shi da kanta! Ni ban ma gaya mata ba!"

Bala ya sauko yana haki. Na sa hannu a buhu na zaɓo albasa guda, 'yar madaidaiciya, na goge ta da gefen zane, na ajiye a tsakiyar sikeli. Na koma gefe na harɗe hannu.

"Danna."

Ya danna.

Ɗari biyu da arba'in.

Na ce, "Malam Jima, karanta mana, ni karatuna kaɗan ne."

"Ɗari biyu... da arba'in."

"A dala goma sha biyar. Jika goma sha takwas ke nan, Bala. Ɗauki albasarka. Ka sa hannu biyu, tana da nauyi."

Kasuwa ta fashe. Mai gishiri ya zauna ƙasa yana riƙe ciki. Bala ya yi ihu, "Ƙarya ce! Na'urar nan maƙaryaciya ce!"

"Ɗazu ka rantse ba ta ƙarya. Ga shaidu."

Obadiya ya ɗauki albasar ya juya ta. "Akwai irin da ke tara nauyi a ciki..."

Ba wanda ya saurare shi. Manoma sun gane. Wani ya jawo jakinsa zai hau da shi kafin kwandonsa, wani ya ɗauko surukinsa, masu fura sunka hau su uku. Obadiya na danna albasa, yana danna, lambobi na fitowa ba wanda ya san na wa ne. Ya danna har ya ƙarar da abin da ke ciki, sai ga ɗan kalangu ya dawo ya tsaya. Ya ruga bayan tebur, ƙafarsa ta harɗe da guntuwar wayar, ta tsinke daga gindin sikeli, ya faɗa cikin ruɓaɓɓun buhunan nan uku da kwat ɗinsa. Lai'atu ta ja mayafi ta juya, ko kallona ba ta yi ba.

Ya ɗago, ruwan albasa na bin tabarau. "Ƙaramin abu ne. Layi ɗaya zan ƙara a porgaram, ya riƙa zubar da na baya kafin..."

Na ce, "Kamar injin niƙa?"

Ya duƙa yana goge tabarau da bakin kwat.

Malam Jima ya buga sanda. "An ɗage doka! Kowa ya yi cinikinsa yadda ubansa ya yi!"

Direban kamiyo ya danna oda sau uku. Bala ya mayar da riga a baibai, ya matso yana murmushin dole.

"Hamsatu, 'yar'uwata. Maganar albasa gudan nan, wasa ne ko?"

"Rantsuwa ce, Bala."

"To, a bar ta. In ba ki jika shida buhu."

"Da albasa gudan nan, ko ban da ita?"

"Bakwai. Da hula ƙarama."

"Hular da ke kanka ta isa. Tara."

"Kin fi kowa sanin sun sha rana!"

"Kilo ɗari biyu da arba'in guda ɗaya, bayan sun sha ranar. Ina ga da ba su sha ba."

Direba ya sake danna oda, ya leƙo ya ce in ba a loda yanzu ba shi zai tahi da rabin mota, Bala ya yi wa Alhazan da sunka aiko shi bayani da bakinsa. Bala ya share gumi.

"Takwas. Ba hula. Ki yafe mini rantsuwa, don Allah."

Na juya kamar zan kira mai amalanke ya mayar mini da kaya rudu. Na san in kamiyon nan ya tashi ko rabinsu ba za su kai sati uku ba, amma ban bari ya gani a fuskata ba. Na yi taku ɗaya, na yi biyu, na yi uku.

"Tsaya! Faɗi na ƙarshe!"

Na ɗauki albasar nan guda na danƙa masa a hannu, na ce wannan gyara ce. Sauran kuwa, buhu talatin da bakwai, baki a ɗinke daidai ba hula, kowane ɗaya jika takwas da dala ɗari.